Tsinke Ɗaya Cikin Hamsin

Hausawa kan ce ajiya maganin wata rana. Gaskiya ne, sai dai ba su faɗi yadda za a yi ba in ranar ta zo aka tarar mabuɗin adaka ya ɓace, maƙerin da ya ƙera shi kuwa ya daɗe da barin sana'a. Irin wannan ne ya sami wani ɗalibi na ajin ƙarshe a sashen Hausa a damunar 2024, har ya kai shi ga kwana da tashi gaban wata tsohuwar kwamfuta, yana koyon abin da ba a taɓa karantar da shi a aji ba.

Asalin maganar ya koma shekarar 2008. A lokacin ne wani malami na sashen ya ɗauki rikoda ya tafi wani ƙauye a ƙasar Zamfara, ya yi kwana uku yana ɗaukar muryar wata tsohuwa wadda ta yi suna wajen tatsuniya. Abin da malamin ke bi shi ne karin harshe, watau yadda take cewa "munka" da "sunka" da "anka" inda Bakano zai ce "muka" da "suka" da "aka", da yadda take ninka baƙi ta ce "yac ce" da "tac ce". Tsohuwar nan kakar ɗalibin ce ta wajen uba, shi kuwa yana ɗan shekara tara sa'ad da baƙon ya sauka gidansu. Bayan shekara biyu ta rasu. Ƙauyen ma ya zama kufai, gama tashin hankalin da ya game yankin ya warwatsa mutanensa. Saboda haka da lokacin zaɓen abin da zai rubuta kundin digiri a kai ya zo, ɗalibin bai yi dogon tunani ba. Ya tafi ofishin malamin, ya rusuna ya gaishe shi, ya tuna masa da waccan tafiya.

Malam ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya jawo aljihun tebur ya fito da wata 'yar jaka wadda ƙura ta rufe. Ya ce, "Kwafen da na yi yana cikin kwamfutar ofis, ita kuwa ta mutu tun tuni, faifanta ya tafi da kome. Rikodar ma batir ya zube a ciki ya cinye ta. Amma ga katin nan. In ka iya fitar da abin da ke ciki, kundinka ya samu. In ka ɓata shi, to, babu wani." Ɗalibin ya ce, "Allah ya gafarta Malam, in sha Allahu ba zai ɓaci ba." Ya faɗi haka ne alhali bai taɓa ganin irin katin ba a rayuwarsa.

Katin shi ne wanda ake kira CompactFlash, wanda kamfanin SanDisk ya fito da shi a 1994. Faɗinsa kamar na kwalin ashana, amma falale, yana da ƙananan ramuka 50 jere biyu a gindinsa, kuma na malam gigabayit 2 yake ɗauka. Rikodar ta riƙa auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, ko wane awo bayit 2, da makirufo ɗaya. Ke nan minti guda na cin megabayit 5 da ɗoriya, katin duka kuwa zai ɗauki fiye da awa 6 na magana. Wani abin tsoro shi ne, abin da ke riƙe da rubutu a irin wannan ma'adana ɗan caji ne da aka tsare cikin ƙananan ɗakuna, yakan kuma yi yoyo sannu a hankali. Shekara 16 a aljihun tebur, cikin zafin bazara, ba ƙaramin zama ba ne.

Mai karatu zai ce, ai sai ya sayi na'urar karanta kati ta USB ya huta. Haka shi ma ya ce. Ya yini biyu yana zaga rumfunan masu kayan waya da na kwamfuta a Kano, kowa ya juya katin ya miƙa masa. Abin da ke hannunsu na ƙananan katunan waya ne da na kyamarar zamani. Wani ya yi alkawarin sa a kawo daga Ikko, amma ba zai iya yanka rana ba, babi na uku na kundin kuwa saura mako uku a miƙa shi. Sai da ya komo ɗaki ya zazzage jakar malam, sa'an nan wani falalen ƙarfe ya faɗo, mai kamar katin banki amma ya fi kauri, da baki a gefe ɗaya daidai shigar katin. Abokin ɗakinsa, ɗalibin kimiyyar kwamfuta, ya ɗauka ya duba, ya yi dariya ya ce, "Mutumina, ai maganin yana ƙarƙashin gadonka."

Abin da ke ƙarƙashin gadon wata kwamfutar tafi-da-gidanka ce wadda kawun ɗalibin ya ba shi, ƙirar wajejen 2004, nauyi kamar dutsen niƙa, batirinta ya mutu murus. A gefenta na hagu akwai wata doguwar kafa wadda shi bai taɓa tambayar amfaninta ba. Wannan kafa tana da tarihi. A 1989 masu ƙera kwamfuta suka kafa ƙungiyar PCMCIA domin su daidaita kan siffa ɗaya ta katin da za a riƙa cusa wa ƙananan kwamfutoci a ƙara musu abin da ba su zo da shi ba, kamar modem ko hanyar shiga intanet ko wurin ajiya. Tsawon katin milimita 85.6, faɗinsa 54, yana da ramuka 68. Kauri ne kawai ya raba shi iri uku, milimita 3.3 da 5 da 10.5. Na farko bit 16 yake ɗauka a tafi ɗaya. A 1995 aka ƙara wani mai bit 32 da ake kira CardBus, wanda ke shiga kafa ɗaya da na farkon, amma a ciki halinsu ya bambanta ƙwarai. Daga 2003 ExpressCard ya fara maye gurbinsu, daga baya USB ta haɗiye su duka. Falalen ƙarfen malam riga ce kurum: babu wata dabara a cikinta sai wayoyi masu kai tsinke 50 na katin zuwa ramuka 68 na kafar, domin tun asali an tsara CompactFlash ya ji yaren wannan kafa.

Manhajar da ke kan kwamfutar Linux ce, rabon Debian na 12, wanda abokin ya ɗora masa, domin shi ne ya ga zai iya tafiya da tsohuwar na'ura mai bit 32. A nan ya kamata a bayyana kalma ɗaya. Abin da ake kira Linux a haƙiƙa shi ne ƙwayar manhajar, kamar yadda ƙwayar gyaɗa ke cikin ɓawo. Ita ce ke tsakanin ƙarfe da sauran shirye-shirye, ita ke raba wa kowace na'ura wuri da lokaci. Linus Torvalds ne ya fara rubuta ta a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, kuma lasisinta ya yarje wa kowa ya karanta rubutunta, ya gyara, ya rarraba. Kowace irin na'ura tana bukatar wani guntun shiri a cikin ƙwayar da zai yi mata tafinta. Masu sana'ar direba suke ce masa, amma tafinta ya fi dacewa da aikinsa, gama ba ya tuƙa kome, fassara yake yi.

Ɗalibin ya sa katin a riga, ya cusa rigar a kafa, ya yi bisimilla, ya zuba ido. Ba abin da ya motsa. Ya zare ya mayar har sau biyar. Abokin ya koya masa buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umurni, ya nuna masa guda biyu. Na farko, lspci, yana lissafa na'urorin da ke jikin kwamfuta, kuma ga gadar CardBus a cikinsu. Na biyu, dmesg, shi ne littafin da ƙwaya ke rubuta duk abin da ta gani tun daga tashinta. A ciki an ga tafintan gadar, mai suna yenta_socket, ya tashi lafiya ya kama aiki. Amma game da shigar kati, ko harafi ɗaya babu. Ƙofa tana nan, mai gadi na zaune, baƙo ya yi sallama, ba wanda ya ji.

Kwana biyu da suka biyo baya asara ce tsantsa, kuma laifin ɗalibin ne, ko da yake laifi ne mai uzuri. Abokin ya tafi gida, shi kuma ya shiga neman bayani da wayarsa. Duk bayanin da ya samu cewa yake a tayar da wani shiri mai suna cardmgr, a ɗora tafinta mai suna ide-cs. Ya neme su sama da ƙasa, babu. Bai lura ba cewa shawarwarin sun girme wa ƙanensa. Shirin cardmgr na cikin kayan aikin da David Hinds ya rubuta ya kuma yi shekaru yana kula da su, amma tun 2005, daga ƙwaya mai lamba 2.6.13, aka sauya su da wani ƙunshi mai suna pcmciautils. Shi kuwa ide-cs ya tafi a 2021, sa'ad da aka cire tsohon sashen IDE ɗungum daga ƙwaya ta 5.14, aka bar aikin ga pata_pcmcia. Ɗalibin yana kan ta 6.1. Abin mamaki ne mutumin da aka koya wa kada ya kafa hujja da rubutu sai ya san shekarar da aka yi shi, ya manta da wannan darasi da zarar ya ga Turanci da lambobi.

Da abokin ya komo ya ji labari, bai taɓa allo ba. Ya fita ya aro wani tsohon katin CardBus na shiga intanet wurin wani ma'aikacin ɗakin gwaji, ya cusa. Nan take dmesg ya rubuta an sa kati a kafa ta 0, lspci kuma ya ƙara layi. Ke nan kafa lafiyarta lau, gada lafiya, tafinta lafiya. Abin da ya rage zargi a kansa biyu ne, riga ko katin malam. Ɗalibin ya ji gabansa ya faɗi, domin in katin ne, magana ta ƙare. Ya kunna fitilar waya ya haska cikin bakin rigar. Tsinke 49 na tsaye reras kamar sojoji, ɗaya a can kusurwa ya kwanta.

Wanda ya kwanta ɗin ba kowa ba ne. Cikin tsinkayen nan akwai biyu, na 25 da na 26, ɗaya a wannan ƙarshe ɗaya a wancan, waɗanda ba su ɗaukar saƙo ko kaɗan. Aikinsu kawai su shaida cewa kati ya zauna daram ta gefe biyu. Sai sun shaida tare gada ke sakin wuta. In ɗaya bai taɓa ba, a wurin kwamfuta kafar wofi ce. Hikima ce mai kyau, domin tana hana a ba kati wuta yana karkace, amma ita ce ta sa kwana uku ɗalibin yana ƙwanƙwasa ƙofar da ba a jin bugunta. Wataƙila ma shi ya ƙarasa kwantar da tsinken da yawan cusawa.

Abokin ya ce a ɗaga shi da allura. Ɗalibin ya ƙi, kuma ya yi daidai, gama irin wannan tsinke in ya karye ba shi da magani. Ya ɗauki rigar ya kai wa wani tsoho mai gyaran agogo a bakin kasuwa. Tsohon ya maƙala gilashi a ido ɗaya, ya duba, ya ce, "Yaro, wannan na mene ne?" Ya ce, "Baba, muryar kakata ce a ciki." Tsohon bai ƙara tambaya ba. Ya ɗauki matsefata mai bakin gashi, ya riƙa tayar da tsinken kaɗan kaɗan yana hutawa, kamar mai tayar da majinyaci, har ya miƙe. Ya ce a sa katin sau ɗaya, a hankali, kada a sake zare shi. Kuɗin ma ƙin karɓa ya yi.

A wannan karo dmesg ya yi magana, ya ce an sa katin PCMCIA a kafa ta 0. Ɗalibin ya yi hamdala, sai kuma layi na gaba ya ce an kasa buɗe wa katin taga a ma'adana. Faifai bai bayyana ba. Nan ne bambancin katunan nan biyu ya fito fili. CardBus ɗan gari ne, ƙa'idar PCI yake bi, ƙwaya ta san yadda za ta tambaye shi suna ta ba shi masauki da kanta. Kati mai bit 16 kuwa baƙo ne daga wani zamani. Yana ɗauke da takardar shaida a jikinsa, wadda ake kira CIS, mai faɗin wanda ya ƙera shi da irin aikinsa da ƙarfin wutar da yake so. Amma kafin a karanta takardar, tilas a ware masa wasu adireshi na ma'adana. A wasu kwamfutoci ƙwaya kan gane filin da ke wofi da kanta, a wasu kuwa ba ta yarda ta yi kirdado, don kada ta sauke baƙo a ɗakin da ke da mai shi, kwamfuta ta sandare. Sai ta jira a kawo mata jerin filayen da aka halatta. Jerin yana cikin wani fayil mai suna config.opts, wanda ke zuwa da pcmciautils, shi kuwa abokin ya bar shi tun ranar ɗora manhaja, don tsimin wuri. Ya sosa ƙeya ya ce, "Wa ya san za a bukace shi?"

Suka sauko da ƙunshin ta waya, suka ɗauke shi a filashi, suka ɗora, suka sake tayar da kwamfuta. Umurnin pccardctl ident ya fito da sunan katin, ya kuma ce aikinsa lamba 4, watau faifan ajiya. Abokin ya buɗe rubutun pata_pcmcia a wayarsa ya nuna masa layin da ke cewa duk katin da ya zo da lamba 4 nasa ne. Ɗalibin bai fahimci sauran shafin ba, amma wannan layi ya gane shi, kuma ya daɗe yana mamakin yadda wani mutum a wata ƙasa ya rubuta abu ya bar shi a buɗe, har ya zo ya yi wa tsohuwar Zamfara rana. Kafin su gama magana dmesg ya rubuta sabon faifai, sdb, mai kashi ɗaya.

Hannun ɗalibin ya nufi buɗe fayil, abokin ya riƙe shi. Ya ce tsohon kati ba a wasa da shi. Ba za a rubuta masa ko ɗigo ba, ba kuma za a yi ta karanta shi ana maimaitawa ba. Sai a ɗauki hotonsa duka, bayit bayan bayit, a zuba a fayil ɗaya, sa'an nan a yi duk binciken a kan hoton. Suka yi amfani da shirin ddrescue, wanda ke rubuta taswirar inda ya kai. Aikin ya yi nawa, domin ta wannan hanya furosesa da kansa ke jidar bayanin bibbiyu, kamar ɗan garuwa da gwangwani, iyakar saurinsa a lissafi megabayit 3.3 a daƙiƙa, a aikace kuwa bai kai haka ba. An wuce rabi aka ɗauke wuta, kwamfuta marar batir ta mutu nan take. Ɗalibin ya zauna cikin duhu bai ce uffan ba. Da gari ya waye suka ɗauke ta, katin na ciki ba a taɓa shi ba, suka kai shagon wani mai cajin waya da ke da sola. Taswirar ta yi aikinta, shirin ya ɗora daga inda ya tsaya, ya ƙare ba tare da ya ci karo da gurbi ko ɗaya da ya lalace ba.

Ya kamata a faɗi cewa ɗalibin ya zo a ƙurarren lokaci. Ana ta rage tsofaffin tafintocin katunan nan daga ƙwaya, saboda masu kula da su sun yi ƙaranci, masu amfani da su kuma ba a jin ɗuriyarsu. Debian na 13 da ya fito a 2025 ma bai zo da ƙwaya ta irin wannan kwamfuta mai bit 32 ba. Ba a ga laifin masu cirewa ba, domin ba a tilasta wa mai aikin sa kai ya yi ta share ɗakin da ba mai kwana. Sai dai a aljihunan tebura na sassan harsuna akwai katuna da kaset da faifai masu yawa da ke jiran wata rana, ƙofofin da za a bi a kai gare su kuwa ana rufe su ɗaya bayan ɗaya.

A cikin hoton aka sami fayil 12. Goma sha ɗaya suka buɗe garau, awa huɗu da 'yan mintoci. Ga gizo, ga ƙoƙi, ga "sunka" da "anka" kamar an zuba da mudu, ga tari da dariya da kukan awaki a bayan gida. Abin da kundi ke bukata ya samu har ya yi yawa. Na 12 kuwa girmansa sifili. Abokin ya ce irin wannan rikoda ba ta rubuta tsawon fayil sai an danna tsayawa. In wuta ta yanke mata tana cikin ɗauka, sautin na nan kwance a katin, amma littafin lissafi bai san da shi ba. Malam ma ya tuna cewa ɗaukar ƙarshe ta katse masa a ranar, bai san dalili ba, shi ya sa ya ware katin bai sake amfani da shi ba.

Suka yanko abin da ke bayan fayil na 11 daga cikin hoton, suka shigar da shi shirin Audacity a matsayin ɗanyen sauti. Abin da ya fito ƙara ce kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Abokin ya duba ya ga sun juya jerin bayit biyun nan, na gaba ya koma baya. Ya gyara, ya danna. Ƙarar ta ɗauke, muryar tsohuwa ta fito tana tsakiyar tatsuniya. Ta yi minti shida tana ba da ita, sai aka ji ƙwas-ƙwas kusa da makirufo, kamar ana jan waya. Ta katse labarin ta ce, "Kai maigida, bar taɓa akwatin malam, ka ji ko?" Wata 'yar siririyar murya ta ce, "Ni dubawa kawai nika yi." Daga nan sai shiru.

Abokin ya juyo ya dube shi. Ɗalibin ya ce a mayar baya, aka mayar, ya sake saurara. Washegari ya kai wa malam katinsa da kwafe biyu, ɗaya a filashi ɗaya a faifai, ya ce fayil 12 duka sun fito. Malam ya tambaye shi ko ya gano abin da ya katse na ƙarshen. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, sai ka saurara."